Filin Tambayoyin Bayoloji: Littafi ya ce 38, waya ta ce 30

Assalamu alaikum 'yan ajin kimiyya, da iyayen da ke leƙo filin nan su ce wai don yara suke karantawa. Wannan karon saƙonni sun taru sosai, kuma da na zauna ina tacewa sai naga kusan rabinsu tambaya ɗaya ce kowa ya ɗinka mata tasa rigar: Malama na gani a waya an ce kaza, littafinmu kuma ya ce kaza, wa zan bi? Na ɗauko guda shida, na ɗan gyara rubutun don wasunku yadda kuke gutsure kalmomi sai mutum ya sa tabarau biyu.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. A littafinmu an rubuta in sel ya ƙona gulukos guda ɗaya da oksijin yana samun ATP 38, amma na kalli wani bidiyo mutumin yace 30 zuwa 32 ne wai 38 tsohon zance ne. Yanzu kaina ya kulle, wanne zan rubuta a jarabawa? Kuma in littafin ya yi ƙarya a nan ta ya zan yarda da sauran? Ɗalibar ajin ƙarshe.

AMSA: 'Yata kwantar da hankalinki, littafinki bai yi ƙarya ba, tsufa ne ya kama shi a wannan layin. ATP dai shine kuɗin ƙarfin da sel ke kashewa wajen aikinsa. Bari kiga inda 38 ɗin ta fito. In gulukos ɗaya ya bi ta gilaikolisis, matakin farko na fasa shi, ya shiga maitokondiriya, sashen sel da ke samar da ƙarfi, ya gama zagayen Krebs, ana samun ATP 4 kai tsaye, sai NADH guda 10 da FADH2 guda 2, su waɗannan kamar rasit ne, sai an kai su fatar cikin maitokondiriya tukunna a canza su zuwa ATP. A lissafin da, kowane NADH yana ba da 3, kowane FADH2 yana ba da 2. Buga ki gani, 30 da 4 da 4, 38 kenan cif. Daga baya da aka auna abin da kyau sai aka ga ashe ba cikakkiyar lamba bace, NADH wajen 2.5 yake bayarwa, FADH2 wajen 1.5, wani ɓangare na ƙarfin yana tafiya ne wajen shigo da kaya da fitar da su ta wannan fatar. Sake bugawa, 25 da 3 da 4, 32. Ita kuma 30 tana fitowa ne a sel ɗin da NADH biyun nan na gilaikolisis, waɗanda aka yi su a wajen maitokondiriya, sai sun biya kuɗin ƙofa kafin abin da suka ɗauko ya isa ciki.

A jarabawa ki rubuta abin da silabus ɗinku da littafin da aka amince da shi suka ce, mai makin takarda da jerin amsoshi a gabansa yake aiki, ba zai buɗe YouTube saboda ke ba. In tambayar zaɓi ce ki duba wacce lambar suka saka ki ɗauka.

Batun yarda da sauran kuma, ki lura da abin da ya canza. Gilaikolisis yana nan, Krebs yana nan, oksijin shi ne dai mai karɓa na ƙarshe, lambar ƙarshe kawai aka gyara. Kuma ba ita kaɗai bace. Masarautu biyar na halittu da kuke haddacewa, Robert Whittaker ne ya tsara su a 1969, amma a 1990 Carl Woese da abokan aikinsa suka kawo rabo uku da ke sama da masarauta, bakteriya da akiya da kuma mu masu nukiliyos, saboda sun gano akiya da ake yi wa kallon bakteriya wata zuriya ce daban. Mun daɗe muna cewa ba a ganin bakteriya sai da maikuroskof, sai gashi a 2022 an bayyana wata mai suna Thiomargarita magnifica daga dazukan bakin teku na Gwadalup a yankin Karibiyan, tsawonta ya kai wajen santimita ɗaya, da ido ake ganinta kamar gashin ido. Ni kaina na koyar da cewa bakteriyar jikin mutum ta ninka sel ɗinsa sau goma, na faɗa da ƙarfi har da buga allo, a 2016 aka sake lissafi aka ce kusan kunnen doki ne, wajen tiriliyan 38 da tiriliyan 30.

Wanda ya fi burge ni shine na 2024. Littafi yana cewa bakteriya da ire-irenta kaɗai ke iya kama naitirojin daga iska su mai da shi abin amfani. Sai aka gano wani gansakukan teku mai sel ɗaya, Braarudosphaera bigelowii, yana da wani ɗan sashe a cikinsa da ke wannan aikin, aka sa masa suna naitirofilas. Asalinsa bakteriya ce da ta shiga ta zauna har ta zama 'yar gida, tana rabuwa tare da sel ɗin, tana karɓar furotin daga gare shi. Kinga wannan ai shine labarin maitokondiriya da kulorofilas da Lynn Margulis ta kare tun 1967 ana mata dariya. Wanda bai karanta babin sel ba wannan labarin zai wuce shi kamar ba a yi ba, ke da kika karanta ke ce zaki ce kai!

TAMBAYA: Malama ina wuni. Ƙanwata sikila ce, SS, ni kuma AS. Abokina ya turo min wai an gano maganin sikila gaba ɗaya da wani abu CRISPR, ana yanke ciwon daga jini. Da gaske ne ko irin labaran WhatsApp ne? Kuma in an yi mata, yaranta ma sun tsira kenan? Ɗalibin ajin kimiyya.

AMSA: Ɗana Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Wannan karon abokinka bai zuƙa ba, sai dai labarin ya fi abin da ya turo maka tsawo, don haka gyara zama.

A Nuwamban 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, a Disamba ta Amurka ma ta bi, don masu sikila daga shekara 12 zuwa sama. Shine na farko da aka amince da shi wanda aka gina kan CRISPR. Amma fara daga abin da ke littafinka. Hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jar ƙwayar jini, yana da sarƙa da ake kira beta, ƙwayar gadon da ke tsara ta tana kan kuromozom na 11. A mai sikila harafi ɗaya tak na DNA ya canza, GAG ya koma GTG, sai amino asid na shida a sarƙar ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin. Shikenan fa. In oksijin ya yi ƙasa sai hemogulobin ɗin su manne da juna su yi dogayen sanduna, jar ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwon nan da ka sani ya tashi, kuma maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi yasa jini ke yawan yin ƙasa.

Shi CRISPR ba mutum ne ya ƙirƙiro shi ba, a jikin bakteriya aka tsinto shi. Ita bakteriya in bairos ya kawo mata hari ta tsira, tana ajiye ɗan guntun DNA ɗinsa kamar mai ajiye hoton ɓarawo, in ya dawo sai ta tura wani furotin mai suna Cas9 da ɗan jagora na RNA, jagoran ya nuna wurin, Cas9 ya datse. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa in ka canza ɗan jagoran zaka iya aika almakashin nan duk inda kake so a DNA, a 2020 aka ba su Nobel na kemistiri.

To ga inda dabarar take, kuma yawancin masu yaɗa labarin basu san wannan ba: Casgevy baya gyara harafin nan da ya lalace, zagaye yake yi. Jariri a ciki yana da nasa hemogulobin daban wanda baya yin lauje, shi yasa zaka ga jariri SS lafiya ƙalau a watannin farko, sai ya doshi wata shida abin ya fara nunawa. Akwai wata ƙwayar gado BCL11A da ke kashe wannan hemogulobin na jarirai bayan haihuwa, kamar makunnin wuta. Sai aka ce to mu lalata wurin da ke kunna ita BCL11A ɗin a zuriyar jajayen ƙwayoyin jini, ta yadda na jarirai zai dawo. Haka ake yi. Ana ɗibar sel ɗin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiyan, a kai lab a datse wurin, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa ya share tsohon ɓargo, sannan a mayar masa da nasa da aka gyara.

Kar ka ɗauka allura ɗaya ce a tashi a tafi gida. Watanni ake ɗauka, akwai kwanciya asibiti ta makonni, maganin share ɓargon yana iya taɓa haihuwa, tsadarsa ba a magana, kuma cibiyoyin da ke yi kaɗan ne a duniya. Dashen ɓargo daga ɗan uwan da jininsu ya dace ya riga shi, shi ma yana warkarwa kuma shi ma da nasa haɗarin. Maganin nan haidiroksiyuriya da likitoci ke ba wasu masu sikila shi ma ƙara hemogulobin na jarirai yake yi, kaga tunanin ɗaya ne, amma wannan likitanta ne zai yanke, ba ni ba, ba abokinka ba.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai maki goma. A'a. Sel ɗin jini aka gyara, ba a taɓa ƙwan haihuwa ba, don haka duk ɗan da zata haifa zai karɓi S daga gare ta. In mijin AA ne duk yaran AS, in AS ne kowane ciki rabi da rabi ne. Kai kuma da kake AS, in ka zana akwatin Punnett na AS da AS zaka ga ɗaya cikin huɗu SS, kuma don Allah ka gaya wa 'yan ajinku ba wai in an haifi SS ɗaya ukun da ke biye sun tsira bane, kowane ciki sabon lissafi ne.

TAMBAYA: Malama ni matsalata data. Ina son ƙarin karatu banda littafi amma bidiyo biyu in na kalla ta ƙare. Ina zan samu abu mai kyau kyauta? Sannan ina karantawa ina mantawa. Ɗaliba.

AMSA: 'Yata dabarar ita ce saukewa sau ɗaya, karantawa sau ɗari. Ranar da kika samu intanet mai ƙarfi ki shiga OpenStax, na Jami'ar Rice ne a Amurka, littattafansu kyauta ne kuma halal ba na sata ba, ki sauke Concepts of Biology a PDF. Na 'yan shekarar farko a jami'a ne don haka ya fi silabus ɗinki zurfi, kar ki ce zaki cinye shi daga bango zuwa bango, babin da malaminku ya yi yau shi zaki buɗe ki ga zanen da bayanin. Khan Academy ma kyauta ne, akwai rubutu da tambayoyin gwaji ba bidiyo kaɗai ba, rubutun baya cin komai. A YouTube Amoeba Sisters gajeru ne da zanen katun, dama don 'yan sakandare aka yi su, ki rage ingancin hoton ai ba fim kike kallo ba. PhET na Jami'ar Kolorado yana da wani wasa na zomaye da kyarkeci, ki canza launin gashinsu ko ki rage abinci ki ga waɗanda za su rayu, minti goma a kansa ya fi min shafi biyar kan zaɓin yanayi, kuma ana sauke shi a yi babu intanet. Akwai kuma Kiwix mai ajiye Wikipedia a waya. Don labarai, Science News Explores da Frontiers for Young Minds, wannan na biyun masana ke rubutawa yara su duba kafin a buga, in yaran basu gane ba a mayar wa farfesa ya sake. Turancinsu mai sauƙi ne.

Amma duk wannan silabus ne direba. Ki samo shi, ki samo tambayoyin shekarun baya, abin da ba ya ciki ki karanta shi don daɗi ba don jarabawa ba.

Mantuwa kuma, ina zargin karatun kallo kike yi, ido na bin layi kai yana gyaɗawa. Ki karanta shafi ki rufe littafin ki ɗauki farar takarda ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu da jijiyoyin da ke shiga da fita, daga ka, sannan ki buɗe ki ga abin da kika bari. Zai miki ciwo, ciwon shine karatun. Ki maimaita gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Su kuma dogayen sunayen nan yawanci Girkanci da Latin ne aka harhaɗa, in kin san haem jini ne, hepat hanta, cyte sel, lysis fashewa, itis kumburi, wanda ya ƙare da ase yawanci enzayim ne, mai ose kuma sukari, to kalmar da baki taɓa gani ba ma zaki iya kwance ta a zauren jarabawa.

TAMBAYA: Malama, ni sabon malamin bayoloji ne. Makarantarmu babu lab na kirki, maikuroskof ɗaya ne shi ma ya lalace. Ya zan yi da furaktikal, kuma ya zan sa yara su ji darasin yana da rai? Na gode.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na taɓa koyarwa a inda maikuroskof ɗin yana kulle a kabad ana jiran ranar da baƙi za su zo, don haka na san zafin. Amma ka tuna Gregor Mendel a lambu ya yi aikinsa a garin Brno na ƙasar Czech ta yanzu, daga 1856 zuwa 1863, da tsiron fis kusan 28,000 da haƙurin ƙirga, ya buga a 1866 ba wanda ya kula sai 1900. Dokokin gado duka babu maikuroskof a ciki.

Ka fara da fitar da DNA, yara basa mantawa da shi. Kowa ya kurkure baki da ruwan gishiri kamar minti ɗaya ya zuba a kofi mai haske, a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan a juya a hankali kar ya yi kumfa, sannan a kwarara sifirit mai sanyi sosai ta gefen kofin ya kwanta a sama. Bayan 'yan mintuna za su ga farin zare-zare yana tasowa. Sai tambayoyi su biyo: me yasa sabulu? Don fatar sel da ta nukiliyos mai ne, sabulu ke fasa su. Me yasa gishiri? Yana kashe cajin DNA ya bar shi ya dunƙule. Me yasa sifirit? DNA baya narkewa a cikinsa. Babi uku kenan a kofi ɗaya. Gwajin sitaci a ganye ma aidin kawai yake so da sifirit da ruwan zafi, ka ajiye tsiron a duhu kwana biyu, ka rufe rabin ganye da baƙar takarda ka fitar rana, amma sifirit ɗin a cikin ruwan zafi zaka dumama shi, kar ya kusanci wuta ko kaɗan. Leda a ɗaure kan reshe mai ganye da safe, kafin a tashi ta yi gumi, ga fitar ruwa daga ganye. Ka auna tsawon 'yan aji a zana jadawali, ga bambancin da ke tafiya a jere. Naɗe harshe dai da ake ba da misali da shi a yi hattara, bincike ya nuna ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi yadda aka daɗe ana faɗa ba. In makaranta zata iya, a nemi Foldscope, maikuroskof ne na takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙera a Jami'ar Stanford, yana girmama abu sau 140, ya isa a ga sel ɗin fatar albasa. Kuma ka matsa musu kan zane: fensir mai tsini, babu shafa inuwa, layin suna da rula kada su gitta juna, take a rubuce, da lissafin girmamawa wato tsawon zane a raba da tsawon abin na gaske. Nan ake zubar da maki a banza.

Batun rai kuma, minti biyar a farkon darasi, labari ɗaya da ya dace da babin. Ranar haɗa furotin ka tambaye su, tunda sel ɗin ido da na hanta DNA ɗinsu ɗaya me ya bambanta su? Sai ka basu labarin Victor Ambros da Gary Ruvkun da suka ci Nobel na likitanci a 2024, sun gano maikuro-RNA a 1993, wasu 'yan guntaye masu haruffa wajen 22 da ke manne wa saƙon RNA su hana a yi furotin, kuma a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita ɗaya suka gano, C. elegans, mutane suka ce ai abin tsutsa ne kawai, sai a 2000 aka ga har a jikinmu akwai. Ranar siffar furotin, AlphaFold, manhajar da ta hasashe siffar furotin wajen miliyan 200, Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel na kemistiri na 2024 da David Baker. Ranar jijiyoyi, taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace da aka kammala a 2024, sel ɗin jijiya kusan 140,000 da mahaɗa sama da miliyan 50, a abin da bai kai kan allura ba. Shafin Nobel na sakin bayani mai sauƙi da zane duk Oktoba, shafin HHMI BioInteractive kuma don malamai aka yi shi, da takardun aiki kyauta.

TAMBAYA: Malama me yasa rigakafin korona ya fito cikin shekara ɗaya amma na maleriya sai kwanan nan? Kuma in an yi wa yaro me yasa ake cewa a ci gaba da gidan sauro? Ɗalibi mai son zama likita.

AMSA: Ɗana Allah ya cika buri. Abu biyu. Na farko na korona ma ba shekara ɗaya bane, Katalin Karikó da Drew Weissman tun 2005 suka buga dabarar da ta sa jiki ke karɓar mRNA, saƙon da ke gaya wa sel furotin ɗin da zai yi wanda aka gina wasu rigakafin korona a kai, ba tare da ya tayar da hankali ba, ita ta kai su ga Nobel a 2023. Na biyu abokin gabar ba ɗaya bane. Bairos ɗan abu ne, na ƙyanda ƙwayoyin gado shida gare shi. Plasmodium falciparum mai kawo maleriya kuwa cikakken sel ne mai nukiliyos, da ƙwayoyin gado sama da 5,000, kuma yana canza kama a kowane zango. Duba zanen littafinka: macen sauro Anopheles ta zuba ƙwayoyin a kamar da ake kira siforozoyit, cikin ɗan lokaci sun shige hanta sun ɓuya wajen mako suna ninkuwa, su fito a matsayin merozoyit su faɗa jajayen ƙwayoyin jini, duk awa 48 su fasa su fito, lokacin ne zazzaɓi da rawar sanyi. Garkuwar jiki ta gane wannan fuskar sai ya sako wata.

Rigakafin biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a Oktoban 2021 da R21 na Jami'ar Oxford a Oktoban 2023, duk zangon farko suke tarewa, kafin a shiga hanta. RTS,S tun shekarun 1980 ake aikinsa, an gwada shi a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019, aka ga mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin ɗari, Kamaru ce ta fara saka shi cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024. Allura huɗu ce. Amma ko kaɗan ne suka kuɓuce suka isa hanta za su ninku dubbai, shi yasa yake rage ciwon baya kawar da shi, gidan sauro kuma yana rage yawan waɗanda za su shigo tun farko. Ka haɗa da amsar da na ba ɗan uwanka a sama: a 1954 Anthony Allison ya nuna masu AS sun fi tsira daga maleriya mai tsanani, dalilin da yasa S ya yawaita a inda sauro ya yawaita kenan. In an ce ka kawo misalin zaɓin yanayi a jikin mutum, ga shi.

TAMBAYA: Malama yarona duk aikin gida na bayoloji manhajar nan ta AI yake tambaya ya kwafe. In hana shi ne? Wata uwa.

AMSA: 'Yar uwa kar ki hana, ki canza masa aikin. Waɗannan manhajoji sun iya bayani amma suna kuskure da cikakken ƙarfin hali, har sunan binciken da ba a taɓa yi ba suna iya ƙirƙirowa. Ya fara rubuta amsarsa da kansa, sannan ya ce ta nuna masa inda ya kauce, ko ta yi masa tambayoyi goma kan babin ya amsa, duk abin da ta faɗa kuma ya duba littafi. Gwajin mai sauƙi ne, ki karɓi wayar ki ce ya bayyana miki yadda jini ke zagaya jiki da Hausa, ke da baki yi ajin kimiyya ba. In ya iya to ya karanta. Haka labaran an gano maganin kaza da ke yawo, ki koya masa ya tambaya: a jikin wa aka gwada, sel a faranti ko ɓera ko mutum, mutum nawa, wace jami'a ko mujalla, kuma wani abu suke sayarwa a ƙasan labarin?

Masu tambaya kan bambancin maitosis da mayosis, ku kusan goma ne, sai fitowa ta gaba don yana son zane. Kafin nan kowa ya ɗauki sel mai kuromozom 4 ya bi shi ta hanyoyin biyu a takarda, ya turo min nawa ya samu a kowane sel a ƙarshe.